Shawarwari kan mayar da ɗakin ajiya sauna

Malam na Tampere: Assalamu alaikum 'yan uwa. Gidan da muka saya a bayan gari yana da wani ɗakin ajiya a tsakar gida, tsawonsa mita 2, faɗinsa mita 2, tsayinsa mita 2.2, kuma ina so in mayar da shi sauna, wato ɗakin wankan zafi da ake watsa ruwa a kan duwatsun murhu don tururi ya tashi, kafin sanyi ya kama. Na taɓa shiga Rajaportti, saunar jama'a ta nan Tampere a ƙasar Finland, wadda take aiki tun 1906, na kuma ji daɗin zafinta, amma tuɓewa a gaban jama'a ba tarbiyyarmu ba ce, shi ya sa nake son tamu ta gida. Ina neman shawararku kan murhu, na itace ko na lantarki, da irin katakon da ya dace.

Injiniya: Wa alaikumus salam Malam. Lissafin da masu sana'ar suke bi shi ne kimanin kilowat 1 ga kowace kubik mita ta ɗaki. Naka ya kama kubik mita 8.8, amma idan ƙofar gilashi za ka sa, sai ka ƙara kusan kubik mita 1.5 a kai, domin gilashi yana zubar da zafi. Murhu mai kilowat 9 zai ishe ka, kuma kamfanonin Harvia da Narvi duk suna yin irinsa. Wannan girman yana buƙatar wuta mai layi uku ta bolt 400, kuma doka a Finland ta ce ma'aikacin lantarki mai lasisi ne kaɗai zai haɗa ta.

Alhaji na Oulu: Injiniya ya faɗi gaskiya, amma ni na itace nake so, kuma shekara tara ke nan ina hura shi. Zafinsa ya fi laushi, kuma wutar da kanta tana jawo iska sabuwa cikin ɗaki. Sai dai kada in ɓoye maka ɗawainiyarsa: za ka gina bututun hayaƙi, za ka bar tazarar da kamfani ya rubuta tsakanin murhu da bango, mai share bututu zai riƙa zuwa a kan kari, kuma dole ka fara tuntuɓar ofishin kula da gine-gine na ƙaramar hukumarku kafin ka huda rufin.

Hajiya ta Vantaa: Malam, ka yi mini uzuri in ja hankalinka daga murhu zuwa benci, domin a nan muka yi asara. Kafintan da ya yi mana tamu ya saukar da bencin sama ƙasa sosai, wai don kada yara su faɗo, sai ga shi kai yana dahuwa ƙafafu suna sanyi, har muka yi zargin murhun ne ya gaza, muka kusa sayen wani. Maƙwabciyarmu, tsohuwa 'yar ƙasar, ita ce ta leƙo ta ce mana tafin ƙafar mai zama ya kamata ya kai saman duwatsun murhu ko ya ɗara. A auna daga silin zuwa ƙasa: bencin sama ya zauna kimanin santimita 110 zuwa 120 ƙarƙashin silin, na ƙafa kuma santimita 45 ƙasa da shi. Tun da aka ɗaga namu, tururin da suke kira löyly yana sauko wa mutum gaba ɗaya, kamar siracen da iyayenmu suke yi mana a ƙarƙashin bargo.

Ƙanin Injiniya: Yaya Hajiya ta taɓo wurin da ya fi muhimmanci. Game da katako, kada a yi benci da icen pain, domin idan ya ji zafi yana fitar da ƙaro mai ƙuna da manne wa tufafi. Ku nemi katakon da mutanen Finland suke kira haapa ko tervaleppä, ko kuma wanda shagunan nan suke kira abachi, wanda ba wani abu ba ne illa obecen kudancin Najeriya, wawa a bakin mutanen Gana, ayus a Kamaru. Ba ya riƙe zafi, ko da ɗakin ya kai digiri 90. Kusoshi kuma a buga su ta ƙarƙashi, kada kan ƙarfe ya taɓa fata.

Injiniya: A bango kuma, audugar dutse mai hana zafi fita ce a ciki, sai takardar alminiyam a lulluɓe ta, a like duk mahaɗa da salatif ɗin alminiyam, sannan a bar sarari na kamar santimita 2 kafin a jera katakon fuska, don ruwan da ya shiga baya ya samu ya bushe. Iska sabuwa ta shigo kusa da murhu, tsohuwa ta fita ta bangon da ya fi nisa da shi, a ƙarƙashin benci. Ɗakin da ba shi da wannan hanya yana iya sa ciwon kai, mutum ya ɗauka zafi ne ya yi masa yawa.

Malam na Tampere: Allah ya saka muku da alheri. Na tsaya kan na lantarki, Alhaji ya yi haƙuri, kuma zan sa kafinta ya fara awo daga silin kamar yadda Hajiya ta ce. Saura duwatsu: akwai su jibge a bakin tabkin da ke kusa da mu, ko zan iya ɗiba daga nan?

Alhaji na Oulu: Kada ka soma, Malam. Dutsen da ba a san irinsa ba yana iya fashewa idan ya yi zafi aka watsa masa ruwa. Ka sayi na kwali mai kilo 20 da ake sayarwa tare da murhu, ka wanke, ka jera su sakwa-sakwa don iska ta ratsa, kuma sau ɗaya a shekara ka kwashe ka cire waɗanda suka marmashe. Ƙofar kuma ta riƙa buɗewa waje, ba sakata ba makulli.