Ruwa na ƙwaƙule gindin turakun injin ban-ruwa, ina mafita?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Albasa nake nomawa a fadamar Kwalkwalawa, bakin gulbin Rima. Na kafa bututun ƙarfe huɗu masu inci 4 cikin ruwa, na shimfiɗa katako na ɗora injin ban-ruwa. Da ruwa ya ƙaru sai rami ya buɗe a gindin na gaba, kuma ko injin a kashe yake bututun sai karkarwa suke. In zuba kankare ne, ko in sake masu kauri?

Wani injiniya: Wa alaikumus salam Malam. Kada ka yi gaggawar sayen masu kauri. Idan ruwa ya daki bututu, ta gaba yakan ɗan tashi, wani kuma ya nutsa ƙasa ya riƙa murɗawa a gindi yana kwashe rairayi, sannan ya zagaye ta gefe biyu ya tafi da shi. Shi ya sa ramin yake ta gaba. Zurfinsa kan kai ninki biyu na faɗin bututun, har ya ɗan wuce. Ka ga ke nan in ka ƙara kauri, rami ka ƙara.

Karkarwar kuwa daga baya take. Ruwan da ya wuce yana sakin murɗe-murɗe, dama, hagu, dama, hagu, kowanne ya fizgi bututun gefensa. A bututu mai inci 4, in ruwa na gudun mita 1 a daƙiƙa, fizgar kan zagayo kusan sau 2 kowace daƙiƙa. Ka ɗaure turakun da juna da ƙarfe a gicciye, ka ƙara buga su ƙasa sosai, ka jibge manyan duwatsu a gindi.

Wani masunci: Injiniya ya yi gaskiya, amma ya bar shara. Ciyawa da itace in suka maƙale, bututu mai inci 4 ya koma kamar ganga. Kullum ka sa yara su cire.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Kankaren fa?

Injiniyan: In zai leƙo saman rairayi, bar shi, faɗin abin da ruwa zai daka ka ƙara. Sai dai a binne shi can ƙasa. Kuma gudun ruwa in ya ninka, turin da yake yi ninki huɗu ne.

Wani dattijo: Ɗana, ambaliyar 2010 gadar hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo ma ta tafi da ita, balle bututu huɗu. Da ka ji za a saki ruwan madatsar Goronyo, kwashe injinka ka kai tudu, tiyo kawai za ka ƙara saya.