Shuɗin allo da lamba 0x7B: in biya mai gyara ko in dakata?

Ɗan Maamobi: Salamu alaikum. Tun jiya laftof ɗina ke nuna shuɗin allo, INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, lamba 0x7B. Kwanan wata ma ya koma baya. Wani mai gyara a Circle, nan Accra, ko buɗe ta bai yi ba ya ce haddis, wato ma'ajiyar fayiloli, ne ya mutu, in kawo sidi 600. Aikin makarantata duk yana ciki. In biya?

Mai Kafe: Yi mata fomatin, a goge komai a sake sa Windows, shi ke nan.

Ɗan Maamobi: Yaya, aikina fa na ce yana ciki.

Hajiyar Nima: Ɗana, kar ka bar ta ta kwana a hannun kowa. Tawa shuɗin allo ta yi, na kai Tip Toe Lane, layin masu gyara a Circle. Sati 3 ina sintiri a turoturo, yau "gobe", gobe "jibi". Da na karɓo, hotunan aikin Hajjina babu ko ɗaya, kusoshi 2 sun ɓace, har sitikar da jikata ta manna a murfi sun ɓare. Wai madabod ne, babban allon da kayan cikinta ke haɗe a kai. Allah ya isa!

Ɗan Fadama: 600? Ni 350 na saka SSD, haddis na zamani.

Mai Kafe: Tsoho suka liƙa maka.

Injiniya: Lambar nan cewa take Windows ta kasa kaiwa ga haddis lokacin tashi, ba lallai ya mutu ba. Tunda kwanan wata ya rikice, ina zargin ƙaramin batirin madabod. In ya ƙare, saitin BIOS, manhajar da ke fara tayar da kwamfuta, kan koma na asali, saitin SATA, wato yadda ake haɗuwa da haddis, ya sauya tsakanin AHCI da RAID. Shiga BIOS ka ga ko tana ganin haddis ɗin, ka sauya saitin, ka gwada.

Mai Kafe: Shekara 12 ina gyara, ɗan YouTube zai koya min?

Injiniya: Shekara 12 kana goge wa mutane kaya dai.

Baban Sabon Zongo: Ku kai ta wajen malam ya yi mata tofi.

Hajiyar Nima: Ni dai dumso, ɗauke wutar nan, ne ya fara kashe tawa. Daren Talata ma sun ɗauke sun kawo har sau 4, firijina sai gurnani yake.

Ɗan Fadama: Mu kuɗin mita ne ke ƙarewa kamar ana sha da cokali. Hajiya, nawa kike sakawa a wata?

Ɗan Maamobi: Injiniya, F2 ake dannawa ko F10 a shiga BIOS ɗin?