Yaya ake sa ranar isowar kaya da kuɗin gaggawa a odar intanet?

Hadiza_M: Assalamu alaikum. Tambayata ga masu sayar da kayan da sai an yi oda ake haɗa su, kamar riguna masu rubutu. Da me ake lissafin kwanakin da za a nuna wa mai saye a shafi? Kuma in yana son kayansa da wuri, yaya ake yanke ƙarin kuɗin?

Malam_Sabo: Wa alaikumus salam, Hajiya. Yawancin kwanakin ba na aikin ba ne, na jiran layi ne. Ki raba odar da ke jira da abin da ake gamawa a rana. In riguna 120 ke layi, ana fitar da 40 kullum, sabuwar oda ba za a taɓa ta ba sai bayan kwana 3. Sai ki ɗora ranar bugawa, bushewar fenti, dubawa da naɗewa. Wannan 40 ɗin kuma ya zama abin da ke fita ta ƙofa da gaske, bayan an cire wanda ya lalace, ba abin da aka ce injin na iya yi ba.

Kwanakin kamfanin aikawa a lissafa su daban, domin ba a hannunki suke ba. A yi amfani da ranakun aiki, a kuma sa lokacin rufe karɓar oda, misali 2 na rana. Odar da ta shigo bayan nan ta gobe ce. In ba haka ba, wanda ya saya da tsakar dare zai ƙirga daga ranar.

Injiniya_Bala: Ƙari a kan na Malam Sabo: lissafi ya fara daga lokacin da mai saye ya amince da samfurin rubutun, ba daga biyan kuɗi ba. Wani zai yi kwana 4 bai amsa ba, ya dawo yana neman ranar farko. A rubuta wannan ƙarara kusa da maɓallin biya. Launin da babu shi a sito kuma a ba shi nasa kwanakin.

Hajiya_Rabi: Kuɗin gaggawa kada a yanke shi da ka. Abu uku yake ɗauka: ladan ƙarin awannin ma'aikata, bambancin kuɗin aikawa ta sauri da ta kullum, da lokacin da ake ɓatawa wajen tsayar da injin a wanke, a sauya launi saboda oda ɗaya. Na ukun ne aka fi mantawa, shi ne kuma ke cin riba.

Abin da ya fi muhimmanci, a ƙayyade gurbi. A cikin 40 ɗin nan a ware kamar 5 na gaggawa, da sun cika shafin ya rufe zaɓin zuwa gobe. Kowace odar gaggawa tana tura ta wani baya, in ba iyaka sai masu odar kullum su fara makara. In kuma an saɓa ranar da aka karɓi kuɗi a kanta, a mayar da ƙarin ba sai an tambaya ba.