Strabisme: wane suna za mu ba shi da Hausa?

Malamin lakwal, Zariya: Salamu alaikum ƴan uwa. Muna shirya bayani na rediyo kan matasan da idonsu guda ke barin hanya, a takardar likita strabisme ake rubutawa, to mi za mu ce da Hausa wanda tsohuwa a Tibiri za ta ji ta gane?

Ɗan Bagalam: Malam ai muna da shi tun kaka da kakanni, harara-garke. Mi ya kai mu ƙirƙira?

Inna ta Mokoyo: A'a ɗana, wannan sunan tsokana ne. Ka ce ma budurwa ƴar shekara 15 harara-garke a gaban ƙawayenta ka gani in za ta sake fitowa tsakar gida, ɗiyar maƙwabciyata har hoto ba ta yarda a ɗauke ta, kullum mayafi ja a gefe guda. Kuma sunan mutum ne ba sunan ciwo ba, wanda aka laƙa ma shi sai ya ɗauka halitta ce ba magani.

Ɗan Bagalam: Gaskiyarki Inna. To karkatar ido?

Majo: Bari in sa baki tunda aikinmu ne. Kowane ido jijiyoyin nama 6 ke juya shi, in ba su ja daidai ba sai guda ya kalli abu ɗayan ya tahi wajen hanci ko wajen kunne, wani lokaci sama ko ƙasa. Matsalata da karkata, kamar abu ya tsaya a karkace ne dindindin, alhali matasa da yawa nasu zuwa yake yana dawowa, sai yaro ya gaji ko ya yi zurfin tunani ko zazzaɓi ya kama shi ka ga idon ya zame waje, ka kira sunanshi ya dawo daidai, in ya fita rana kuma ya riƙa runtse ido guda. Ni kaucewar ido nake cewa marasa lafiya, ta ciki ko ta waje, kuma ba a taɓa tambayata mi nake nufi ba.

Malamin lakwal: Ni na so saɓanin idanu, tunda su biyun ne ba su jitu ba.

Ɗan Bagalam: Hhh Malam wannan sai a kai su wajen alƙali a sasanta.

Inna ta Mokoyo: Majo to maganin fa? An ce in yaro ya girma shi ke nan, wai kuma ciro idon ake a gyara a maida.

Majo: Wallahi Inna ba a ciro komi, idon na wurinshi, jijiyar da ke gefe ake sassautawa ko a ɗaure, kuma ko babba ana yi mashi. Ba kowa ma ke kai ga aiki ba, wani tabarau kaɗai ke miƙe mashi ido, wani a sa mashi gilashi na musamman mai tanƙwara haske don ya daina gani biyu-biyu, wani motsa ido ake koya mashi. Abin da ke gudu da shekaru shi ne ƙarfin ganin idon da ya kauce, ƙwaƙwalwa na watsar da hotonshi tun yaro na ƙarami, shi ya sa rufe ido mai lafiyar da filasta, don wanda ya kauce ya yi aiki, ya fi ci kafin shekara 7 ko 8, a matashi ribar kaɗan ce. Amma wanda idonshi lafiya lau kwatsam ya kauce yana gani biyu, ga ciwon kai ko amai, ko bayan faɗuwa da moto ko bayan sanƙarau, wannan ranar za a kai shi likita, kar a tsaya tofi da kwalli.

Malamin lakwal: To na rubuta kaucewar ido, ta ciki da ta waje. Majo ranar Asabar kai za ka zo ka yi bayanin da bakinka, kar ka ce kana gadi.