Musayar Waƙa: Dattawan Kiɗan Maraɗi

Ɗan Bagalam:
Salamu alaikum. Daren Asabar na je bikin ɗiyar maƙwabcinmu, na tarar da dattawan nan shida masu raya waƙoƙin mazan jiya. Da suka ɗauko na marigayi Sa'adu Bori, wanda hatsarin mota ya raba mu da shi a 2008, sai da na share hawaye. Mai amsa ya amsa.

Daren Asabar a Bagalam na tsaya,
Dattawa shida sun jera kayan kaɗawa.
Mai gita furfura ta rufe masa gemu,
Yatsunsa kan waya ba su san gajiyawa.
Mai kalangu ya matse tsarkiya a hammata,
Fata ta yi zance, kowa yana ganewa.
Tsofaffin da ke kukan ciwon gwiwa,
Ga su a fage, ba mai batun zaunawa.

Matashin Unguwar Zariya:
Yaya, na ji ka, ka yi mini haƙuri,
Tambaya ce da ni, ba don rainawa.
Mai rera waƙar da wani ya ƙaga,
Me ya ƙara mata in ban da maimaitawa?
Shata ya rasu tun 1999,
Muryarsa na wayata, kullum ina kunnawa.
In ga mai ita da bakinsa a aljihuna,
Don me zan biya kuɗin kwaikwayawa?

Baba Mai Kalangu:
Jikana ke rubuta mini, ni ɗaya ne cikin shidan.

Ɗana, tambayarka ta kai a amsa,
Zauna kusa, ba da faɗa nake farawa.
Waya ta riƙe murya, wannan gaskiya ne,
Ba ta san wa ya shigo ba, balle gaisawa.
In Hajiya ta tako fage da zanenta,
Nan take nake juya kiɗa ba tsayawa.
In kira kakanta da fata, ba da baki ba,
Ta ji sunan gidansu, idonta na cikowa.
Shekara bakwai ina ɗaukar kayan maigidana,
Bai ba ni makaɗi ba sai saurarawa.
Fatar ɗan akuya da damina takan saki,
Sai an kai ta bakin wuta kafin ɗaurewa.
Da hunturu kuwa in ka matsa ta da ƙarfi,
Tsakiyar biki za ka ji ta tana tsagewa.
Wannan ba ya cikin katin wayarka,
A tafin hannu yake, da mu yake tsufewa.
Da aka buɗe gasar kiɗa ta Ɗan Gurmu a 1986,
Muna samari, dare bai hana mu gwadawa.
Mu goma sha biyu ne muka ɗaura ɗamara,
Shida na kushewa, Allah ya yi musu gafartawa.

Inna Ta Mokoyo:
Sannu Malam, bakinka ya faɗi daidai,
Laifin namu ne, mu mata masu gayyatowa.
Mai na'ura mukan biya shi tun da safe,
Dattijo sai liƙi, in an ga damar liƙawa.
Na ga mai gogen nan bayan an watse,
Yana ƙirga 'yan dala, jaka ba ta cikawa.
Da ƙafa ya koma gida da gogensa,
Kuɗin kabu-kabu ma ba ya isarwa.
Bikin autata na nan bayan Sallah,
Da su zan fara, kuɗi a hannu kafin kaɗawa.

Bagobirin Tsibiri:
Inna, Allah ya saka. Ni abu guda ya kama ni.

Kafin su rera sukan faɗi mai waƙar,
Su roƙa masa rahama kafin somawa.
Wanda ya sato ba ya kiran mai kaya,
Waɗannan amana suke ta riƙewa.
Amma Baba, ina yaran bayanku?
Ban ga matashi ko a amshi yana tayawa.

Baba Mai Kalangu:
Bagobiri, ka taɓa inda ke mini ciwo,
'Ya'yana uku, ba mai son gadowa.
Biyu na kasuwa, ɗaya na hanyar Katsina,
Ban tsine musu ba, abinci suke nemowa.
Zaurena a buɗe yake tun da hantsi,
Kalangu biyu na rataye ba mai taɓawa.

Matashin Unguwar Zariya:
Baba, na yi shiru na karanta sau uku,
Batun fata da wuta ban taɓa jin faɗawa.
Wayar nan tawa ba zan yar da ita ba,
Da ita zan ɗauki hannunka yana matsawa.
In ka yarda in zo in ɗauki kaya,
Ko shekara bakwai ɗin ce ina iyawa.

Baba Mai Kalangu:
Bakwai ta yi yawa, ɗana, ƙarfina ya ja baya,
Laraba bayan la'asar nake jiran isowa.
Ka tambayi gidan makaɗa a Maradawa,
Yaran unguwa za su yi maka nunawa.
Ka biya wajen mahauta ka karɓo fata,
Ta ɗan akuya, sabuwa, kafin bushewa.