Madubin hangen taurari ya ƙi zama, a taimaka min

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata bakwai na yi ina goga gilashi da hannu a zauren gidanmu a nan Sakkwato, har na samu madubi mai faɗin inci 8 na na'urar hangen taurari irin wadda masanin kimiyya Isaac Newton ya ƙera a 1668. Bututun PVC ne jikinta, gindin kuma na katako, irin tsarin Dobson, wato gindi mai sauƙi da ke juya bututun sama da ƙasa da kuma gefe.

Mazaunin madubin ne ya gagare ni. Gilashin siriri ne, kaurinsa milimita 19 kacal. Na ɗora shi a kan noti uku, na riƙe bakinsa da 'yan ƙarafa uku. In na ɗaure su tam, kowane tauraro sai ya fito da kusurwa uku maimakon ɗigo, alamar na matse gilashin ke nan. In na sassauta, da na karkata bututun wajen Zuhura bayan magariba sai in ji ƙwas, madubin ya zame, saitin duk ya wargaje.

Wani kafinta ya ce in manna shi da silikon a jikin filawud. Na yi, amma zafin Afrilu, da ke wuce digiri 40, ya lanƙwasa katakon, gilashin ya bi shi. Ranar nan ko abinci ban iya ci ba.

Don Allah masana, wurin ɗorawa uku ya ishi gilashi mai wannan kauri, ko sai shida ko tara? In na koma farantin alminiyam, tazara nawa zan bari tsakaninsa da madubin? Yaran unguwa kullum tambayata suke yaushe za su ga ramukan wata.