Rami mai marfi a garkata, in zuba piya-piya ko in bar shi?

Hadiza Tawa: Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya da marece ina ban ruwa a gindin mangwaro sai na ga ƙasa ta ɗaga kamar marfin kwalba, wani baƙin gizo-gizo ya leƙo ya cafke gyare ya koma ya ja marfin ya rufe, wallahi da ban gani da idona ba sai in ce wurin ƙasa ce kawai. Na sa tsinke in buɗe sai na ji yana riƙe da shi daga ciki. Yarana nan suke wasa ba takalmi, mi zan yi don Allah?

Baba Alasan: Ɗiyata zuba mai ruwan zafi ki huta, abin rami ba a wasa da shi.

Malam Isufu: Baba a yi haƙuri, kar ta kashe. Ni SVT, wato ilimin halittu da ƙasa, nake koyarwa a lise. Wannan dangin gizo-gizo masu ƙofa ne, ba iri ɗaya ba ne, gidaje ne da yawa, akwai Idiopidae da ake samu a Afirka da Indiya da Ostareliya, akwai Liphistius na Malesiya da Tailan mai gaɓa-gaɓa a baya, har a 2018 masana suka sake raba wani gidan nasu. Fiƙoƙinsu ƙasa suke kallo kamar diga, saɓanin na gizo-gizon ɗaki da ke haɗuwa kamar almakashi. Marfin nan ƙasa ce da yanar da yake saƙawa, wani mai kauri kamar toshiyar kwalba wani kamar takarda. Macen kusan duk rayuwarta cikin ramin take, wata a Ostareliya sai da ta yi shekara 43 ta mutu a 2016. Namijin ne ke fita neman mace, shi ake iskewa cikin takalmi.

Hadiza Tawa: Shekara 43 cikin rami guda? To cizon fa Malam?

Malam Isufu: Da zafi da ɗan kumburi, amma bai kai kunama ba, kuma sai an tono shi ko an danne shi yake cizo. In ya ciji yaro ki wanke da sabulu, in kumburin ya ƙaru ku je likita.

Maman Nafisa: Ni dai ki kife tsohuwar ƙwarya a gefen ramin don alama, ki hana yara tono, ki kuma daina tsokanarsa da tsinke Hadiza.

Baba Alasan: To na ji. Amma a riƙa kakkaɓe takalmi da safe.